Lambar Olamfik goma babu zinare ko ɗaya: Franziska ta ci nasara ko ta faɗi?

Baban Hanan:
Salamu alaikum jama'ar gida. Yau dai ba ƙwallo na kawo ba ku yi min haƙuri, maganar ninkaya ce kuma tun shekaranjiya take cina a rai. 'Yata na koyon iyo anan Hambog, duk Asabar ni nake kaita, to muna jiran yara su canza kaya sai muka shiga hira da malamar tasu, mace ce da ta haura arba'in, nace mata ke ya akayi kika shiga wannan harka, tace ai lokacin da suke yara duk wata yarinya a Jamus so take ta zama Franzi. Wato Franziska van Almsick, tsohuwar 'yar wasan ninkaya ta Jamus. Na dawo gida na zauna na dinga kallon tsofaffin bidiyonta har wajen ƙarfe biyu na dare.

Ga abinda ya tsaya min. An haifeta a Balin ta Gabas a 1978. Tana shekara 14 kacal taje Olamfik na Basalona a 1992 ta dawo da lamba huɗu, azurfa biyu tagulla biyu. Taje Atlanta 1996, taje Sidni 2000, taje Atens 2004. Jimilla lambar Olamfik goma ta tara, azurfa huɗu tagulla shida, amma zinare ko ƙwaya ɗaya babu. Kuma fa a mita 200 ɗin da ta fi ƙwarewa ita ce ta riƙe tarihin duniya fiye da shekara 12. Mutum ya fi kowa sauri a duniya tsawon wannan lokaci amma duk ranar Olamfik wata ce ke riga shi taɓa bango. Ni dai a ganina babbar 'yar wasa ce da ba'a yiwa adalci ba, amma inaso inji ra'ayinku.

Koci Sani KD:
Wa alaikumus salam. Baban Hanan ni fa zan fada maka gaskiya a matsayina na mai horar da yara, ranar wanka ba a boyon cibi. Duk abinda kake yi shekara hudu saboda rana daya kake yinsa, idan ranar tazo baka ci ba to akwai abinda ya rage maka, ba sau daya ba ba sau biyu ba har sau hudu. Atlanta 96 din da ka ambata wa muke tunawa? Su Kanu da Chioma Ajunwa, saboda zinare suka kawo. Ban ce bata iya ba amma a kirata babba ba tare da zinaren Olamfik ba ni kam ban yarda ba.

Maman Iman:
Koci shekara 14 fa akace. Kai yaran da kake horarwa 'yan shekara 14 ina suka taɓa zuwa?

Koci Sani KD:
Hajiya ai na Basalona ban kama ta da laifi ba, yarinya ce. Na Atlanta nake magana, lokacin ta girma kuma ita ke rike da tarihin duniya.

Ɗalibi Nura:
Bari in kawo muku lissafin don muhawara ta tafi daidai, na daɗe ina bibiyar ninkaya. A Basalona a mita 200 salon firistayil, wato wanda kowa ke yin irin iyon da ya fi masa sauri, Nicole Haislett ta Amurka ce ta ci da minti 1 da daƙiƙa 57.90, Franziska ta taɓa bango a 1:58.00. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kenan, ko ƙifta ido baka gama ba. A Atlanta kuma Claudia Poll ta Kosta Rika ce ta ci da 1:58.16, ita tayi 1:58.57. Abin lura anan shine lokacin da Poll ta ci zinare dashi bai kai saurin da Franziska tayi shekara biyu kafin nan a Roma ba, 1:56.78. Don haka maganar Koci tana da ƙamshin gaskiya a Atlanta, ƙarfin yana jikinta amma bai fito ba a ranar. Kuma wani abin mamaki ita Claudia Poll ɗin iyayenta Jamusawa ne, a Nikaraguwa aka haifeta, ita ta fara kawowa Kosta Rika zinaren Olamfik a tarihi.

Koci Sani KD:
Yauwa Nura ka taimakeni. Abinda nake nufi kenan, karfi na nan zuciya ce ke rawa.

Baban Hanan:
To Koci idan zuciya ce ke rawa ka bani amsar Roma 1994. Don wannan bidiyon na kalla ya kai sau biyar. Gasar duniya ce, lokacin babu zagayen kusa da na ƙarshe, da safe kowa zai yi iyo a ɗauki mutum takwas da suka fi sauri su shiga na ƙarshe da yamma. Franziska ta ɗan ja jiki da safe don ta ajiye ƙarfi, sai lissafi ya ƙwace mata ta zo ta tara. Shikenan an fitar da ita, yarinya 'yar 16 da duk ƙasar ke jira. Sai 'yar ƙasarsu Dagmar Hase wadda ta zo ta takwas ta janye ta bar mata gurbin. Aka sata a layi na takwas, can gefe jikin bango, layin da ake bawa wanda ya fi kowa rashin sauri, masu ƙarfi suna tsakiya a layi na huɗu da na biyar kuma daga gefe baka ma ganinsu sosai balle ka san ko kana gaba ko kana baya. Daga nan ta ci zinare kuma ta karya tarihin duniya da ya tsaya tun 1986. Yanzu ka tuna nauyin da ke kanta, wata ta sadaukar da gurbinta saboda ke, idan kika zo ta biyar da wane ido zaki kalleta? Wadda zuciyarta ke rawa ba zata iya wannan ba wlh.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni wanga labari na Dagmar shi ya hi kama ni. Mutum ya wahala ya samu wuri da gumin shi ya ba wani, ba kowa ka iyawa ba.

Koci Sani KD:
Ni kuwa a nan ne ma nake da matsala. Wasa yana da ka'ida, ka zo na tara ka fita. Idan yarona yayi sakaci da safe bana so wani yaron ya biya masa kudin sakacinsa, me na koya masa kenan? Kuma kar mu yaudari kanmu, irin wannan janyewa ba kasafai take zuwa daga zuciyar dan wasa shi kadai ba, idan tawaga na ganin wane ne zai iya kawo zinare dole karamin ya ji nauyi ko ba a fada masa da baki ba.

Ɗalibi Nura:
Koci doka bata hana ba fa, duk wanda ya janye na bayansa ne ke hawa, haka tsarin yake ko'ina. Kuma Dagmar Hase ba ƙarama bace, ita fa tana da zinaren Olamfik, ta ci mita 400 a Basalona inda ta doke Janet Evans ta Amurka. Mita 200 ba shine babban fagenta ba a lokacin. Sannan a Atlanta da Franziska ta zo ta biyu, wa ta zo ta uku? Dagmar Hase. Su biyun suka tsaya kan dandamali ɗaya.

Maman Iman:
Allah sarki. Ni dai duk wannan lissafin daƙiƙa ba shine damuwata ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma uwa, abinda nake kallo shine me akayi wa yarinyar nan. Baban Hanan kai da ke can ka faɗa musu abinda jarida ta rubuta a kanta lokacin Sidni.

Baban Hanan:
Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. A Sidni 2000 bata ma kai zagayen ƙarshe a mita 200 ba, tagulla ɗaya ta samu a iyon karɓa-karɓa na mutum huɗu. Sai wata jarida a Balin, garinsu fa, ta canza mata suna ta kirata Franzi van Speck, shi Speck a Jamusanci kitse ne, irin naman alade mai kitsen nan. Wato an ce ta yi ƙiba shi yasa ta kasa. Mutanen da suka ɗagata sama tana 14 sune suka dawo suna auna mata jiki a bainar jama'a tana 22. Kuma daga baya ita da bakinta ta faɗa cewa ta yi fama da matsalar cin abinci na shekaru, irin wadda mutum ke hana kansa ci.

Maman Iman:
To kun ji. Mu a asibiti mun san wannan ciwo, ba iskanci bane ba kuma yanga bace, yarinya ce take ganin komai na rayuwarta a hannun wasu yake sai abinda zata sa a bakinta kaɗai, sai ta riƙe wannan ɗin ta dinga azabtar da kanta dashi. Ka ɗauki 'yar JSS 3 ka ɗora mata ƙasa guda a kai, kamara na binta makaranta, kamfanoni na rububin ta musu talla, kuɗi na shigowa wanda ko iyayenta basu taɓa gani ba, kowa na jiran zinare, sannan in ta gaza kace zuciyarta ce ke rawa. Koci da girmanka, dole ta yi rawa mana, mutum ce.

Koci Sani KD:
Hajiya zagin jiki ban goyi bayansa ba ko kadan, wannan rashin tarbiyya ne, kuma duk kocin da ya bari aka yiwa dan wasansa haka bai fito ya kare shi ba ya gaza. Amma tambayar Baban Hanan ba ta tausayi bace, cewa yayi babba ce ko ba babba ba.

Baba Alhaji na Sabon Gari:
Yara ku bari in sa baki, ni na girme ku kuma wannan zamanin da rediyo a kunne na yi shi, sashen Hausa na Muryar Jamus da BBC ba ya wuce ni. Ba zaku gane dalilin da ya sa aka ɗora wa yarinyar nan wannan nauyi ba sai kun san me ya faru kafin ta. Jamus biyu ce a da, ta Gabas da ta Yamma. Bangon Balin ya faɗi a 1989, aka haɗe a Oktoban 1990. Haɗewar kuwa ba daɗi ne zalla ba, mutanen Gabas masana'antunsu sun rufe aiki ya ƙare, na Yamma na ganin kuɗinsu ake kwasa ana kaiwa can, kowa na jin haushin kowa. To sai ga yarinya daga Gabas, mai fara'a mai baki, ta fito a Olamfik na bazara na farko bayan haɗewa, na Gabas suka ce tamu ce, na Yamma suka ce tamu ce. Abinda 'yan siyasa suka kasa shi aka ɗora wa 'yar shekara 14.

Sannan akwai abu na biyu da ba wanda ya ambata. Jamus ta Gabas ta saba da zinare a ninkayar mata kamar ruwan sama. A Montiriyal 1976 cikin wasanni 13 na mata sun cinye 11, Kornelia Ender ita kaɗai ta kwashi huɗu. A Seoul 1988 Kristin Otto ta ci shida, a firistayil da iyon rigingine da salon malam-buɗe-littafi duka. Mutanen da suka saba da haka in ka kawo musu azurfa gani suke ka faɗi. Amma kun san yadda aka samu yawancin wancan zinaren.

Ɗan Maraɗi:
Ƙwaya ko Baba?

Baba Alhaji na Sabon Gari:
Ƙwaya ɗana, kuma ba ta ɓoye ta mutum ɗaya ba, gwamnati ce da kanta ta tsara. Akwai wata ƙwaya da kamfanin magani na ƙasar ke yi, Oral-Turinabol, sinadarin namiji ne, ana bawa yara mata ƙanana ana ce musu bitamin ne. Murya ta yi kauri, gashi ya fito inda bai kamata ba, daga baya wasu hanta ta lalace wasu haihuwa ta zo da matsala. Bayan haɗewa aka buɗe takardun 'yan sandan ciki aka ga komai a rubuce. A shekarar 2000 kotu a Balin ta samu shugaban wasannin ƙasar Manfred Ewald da babban likitansu Manfred Höppner da laifi, amma ba wanda ya kwana a gidan yari, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka aka musu. Ita Kristin Otto ta sha faɗa cewa bata taɓa shan wani abu da saninta ba. To Koci, kai da kace zinare shine ma'auni, wancan tulin zinaren da waɗannan azurfa huɗun wanne zaka so 'yarka ta kawo maka gida?

Koci Sani KD:
Baba ranka ya dade wannan tambaya ta kama ni, azurfa mai tsafta ta fi. Amma da izininka in tambaya, ita ma ai a wancan tsarin ta taso, a Gabas aka koya mata iyo. Me ya sa zamu wanke ta?

Ɗalibi Nura:
Gaskiya ne a kulob ɗin Dynamo na Balin ta fara, kuma a 1998 an gurfanar da wasu masu horarwa da likitocin wannan kulob ɗin kan abinda suka yiwa 'yan wasan baya. Amma ita shekararta 11 lokacin da bango ya faɗi, duk wasanninta na manya a haɗaɗɗiyar Jamus ta yisu, kuma tsawon shekara 12 tana Olamfik ba'a taɓa kamata da komai a gwaji ba. Waɗanda ta kara dasu kuwa, Lu Bin ta Chana da ta zo ta biyu a bayanta a Roma an kamata a wannan shekarar ta 1994 a wasannin Asiya na Hiroshima, kuma a wannan gasar ta Roma matan Chana sun cinye 12 cikin 16. Ita ma Claudia Poll an dakatar da ita a 2002 kan gwaji duk da ta musanta. Ban ce a Atlanta ta sha wani abu ba, kar a juya min magana, ina dai nuna irin zamanin da ake ciki ne.

Maman Iman:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Abinda ya fi ƙona min rai a labarin nan shine yaran basu sani ba. An biyasu wani abu kuwa?

Baban Hanan:
An yi doka a 2002 aka bawa waɗanda aka tabbatar kusan Yuro dubu goma da ɗari biyar kowa, aka sake wata a 2016 don waɗanda basu samu ba. Kuɗin da ko maganin shekara biyu ba lallai ya isa ba ga wadda aka lalata wa jiki gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Ni zan koma ga Koci. Kai kana Najeriya kun taɓa ganin zinariya shi ya sa kake raina azurhwa. Mu Nijar tun da munka hwara zuwa Olamfik lamba biyu gare mu. Issaka Dabore ya samu tagulla a dambe a Munik 1972, can Jamus ɗin ma, sai munka jira shekara 44 kahin Alfaga ya kawo azurhwa a taikwando a Riyo 2016. Ranar da ya dawo Yamai ka ga mutane kan titi, ba wanda ya ce mishi ka hwaɗi. Ƙasa guda lamba biyu, mace guda lamba goma, kuma ana tambaya ko babba ce? Wallahi ni ban ga abin gardama ba.

Koci Sani KD:
Dan uwa ai kowa da ma'auninsa. Alfaga ya wuce abinda aka zata zai yi, ita kuma ta gaza abinda kowa ya san zata iya. Ba daya bane. Kuma tunda Jamus ake magana ga misali a gida, Britta Steffen. Ita ma an ce zuciyarta na rawa, ta sha kasa a Atens har ta ajiye iyo na wani lokaci, amma ta dawo taje Beijin 2008 ta ci zinare biyu. Wannan ita ce ta gyara matsalarta. Ni a wajena Britta na gaba.

Ɗalibi Nura:
Koci ashe kana bibiya. Haka ne, Britta ta ci mita 100 da daƙiƙa 53.12, Libby Trickett ta Ostireliya tayi 53.16. A mita 50 kuma ta doke Dara Torres ta Amurka, wadda ke da shekara 41 a lokacin, da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, 24.06 da 24.07. Shine zinaren Olamfik na farko da Jamus ta samu a ninkaya tun na Dagmar Hase a 1992, shekara 16 kenan. Amma ka duba wani abu, Franziska ta rasa zinare da kashi goma cikin ɗari a Basalona, Britta ta samu nata da kashi huɗu da kuma kashi ɗaya. Da farcen Dara Torres ya riga taɓa bango da yanzu wani labarin muke. Shin wannan ɗan tsakanin ya isa a ce wannan babba ce wannan ba babba ba? Ni abin na min wuya.

Koci Sani KD:
Nura wannan dan tsakanin shine wasan gaba daya. Don shi ake tashi karfe biyar na asuba shekara da shekaru.

Maman Iman:
Koci kace Britta ta gyara matsalarta, ka faɗi yadda ta gyara mana. Ba ita kaɗai ta zauna ta gyara ba, likitar halayyar ɗan Adam ta nema suka yi aiki tare na shekaru kuma bata ɓoye ba, ta sha yi mata godiya a fili. Sannan ita ta yi nata faɗuwar a inuwa ba wanda ya damu da ita, ta samu sararin warkewa, zinarenta ya zo tana 24. Ita waccan tun tana 14 fitila ke kanta, ina ta ga sararin?

Baban Hanan:
Kuma Koci in dai dawowa bayan faɗuwa ne ma'auninka to ka bata nata. Bayan wancan cin mutuncin na Sidni kowa ya ce ta ƙare. Ta canza mai horarwa ta koma wajen Norbert Warnatzsch, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agustan 2002 aka yi gasar Turai a Balin, garin da aka zageta, ta ci zinare biyar kuma ta karya tarihin kanta na Roma da ya shekara takwas ba wanda ya taɓa, tayi 1:56.64. In ka ga bidiyon yadda ta fashe da kuka bayan ta kalli allo kuma ɗakin gaba ɗaya ya miƙe tsaye, ni dai sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Wannan tarihin bai faɗi ba sai 2007 a Melbon da Federica Pellegrini ta Italiya ta karya shi, washegari Laure Manaudou ta Faransa ta sake karyawa. A Atens 2004 ta zo ta biyar a mita 200, Camelia Potec ta Romaniya ta ci, ta samu tagulla biyu a karɓa-karɓa ta ajiye. Eh bata samu abinda ta fi so ba, ban musa ba. Amma mace ta yi tarihin duniya tana 16 ta sake yi tana 24, a wasan da yawanci mata ke ajiyewa da wuri, wannan ba ƙaramin abu bane.

Koci Sani KD:
Na 2002 din na yarda dashi dari bisa dari, ban san da shi ba sai yanzu. Wanda aka zaga a garinsu ya dawo garin ya yi haka, namijin kokari ne. Amma matsayata kan Olamfik tana nan, in aka ce in zabi daya in nunawa yarana zan nuna musu Britta a Beijin.

Baba Alhaji na Sabon Gari:
Ka nuna musu, amma kar ka kashe bidiyon da wuri. Shi wannan Warnatzsch ɗin da Baban Hanan ya ambata shine kocin Britta, kulob ɗinsu ma ɗaya ne a unguwar Neukölln, tare suka yi atisaye tana ƙarama waccan tana babba. A Beijin Franziska tana bakin ruwa tana yi wa gidan talabijin ɗin Jamus sharhi, Britta na fitowa daga mita 100 ta faɗa jikinta tana kuka suka rungume juna a gaban kamara. Zinaren da ta nema shekara 12 bata samu ba ƙanwarta a kulob ta samu a gabanta, kuma murna take tsakaninta da Allah. Wannan ma ka nuna wa yaran.

Ɗan Maraɗi:
Yanzu mi take yi?

Baban Hanan:
Tana da gidauniya da ke taimakawa yaran firamare su koyi iyo, a Haidelbag ta fara, don ko anan Jamus akwai yara da yawa da ke gama firamare basu iya ruwa sosai ba, musamman 'ya'yan baƙi irinmu da iyayen basu iya ba balle su koya musu. Ni kaina a kududdufin bayan gari na fara shiga ruwa kuma a wannan kududdufin muka rasa abokinmu muna aji huɗu, muna tsaye muna kallo ba wanda ya iya shiga ya ɗauko shi. Shi yasa ban wasa da Asabar ɗin Hanan.

Maman Iman:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Duk damina sai an kawo mana irin waɗannan yaran, wasu da rai wasu babu. Iya ruwa fidda kai akace, mu kuma bamu koyawa yaranmu, mata kam ba'a ma maganarsu.

Koci Sani KD:
Allah ya jikansa da rahama. Baban Hanan yaya tsarin koyarwar yake a can, daga shekara nawa suke farawa? Akwai wani otal kusa da filinmu mai wurin wanka, na dade ina tunanin in nemi su bamu awa biyu da safe kafin baki su tashi.

Baban Hanan:
Amin na gode. Yawanci daga shekara biyar zuwa shida. Matakin farko suna kiransa Seepferdchen, sunan wani ɗan kifi ne mai kai kamar na doki. Yaro zai faɗo ruwa daga baki yayi iyon mita 25 ba tare da ya riƙe komai ba, sannan ya nutsa ya ɗauko wani abu a ruwan da ya kai masa kafaɗa, kuma ya san ƙa'idojin shiga ruwa. In ya ci a bashi ɗan baji a ɗinka masa a kayan wankansa. Amma malamar ta ja min kunne cewa wannan ba yana nufin ya iya ba, sai ya yi mataki na gaba na tagulla, inda zai yi iyo minti 15 ba tsayawa aƙalla mita 200, kafin a ce za'a iya ɗauke ido daga kansa. Koci in zaka fara kar ka haɗa yara da yawa, ƙungiyar su Hanan su takwas ne kuma manya biyu ke kansu, ɗaya a cikin ruwa ɗaya a baki yana ƙirga kawuna. Asabar mai zuwa ne gwajin nata, zan tambayi malamar ta rubuta min yadda suke tsara darasin makon farko zuwa na goma in turo maka.

Koci Sani KD:
Ina jira. Ka hada min da bidiyon Roma din da na Balin, da wanda Baba ya ce kar in kashe da wuri.